Rijiyar lambu ta fara ja da baya a Legas: ƙara zurfi da babban inji ne mafita?

Tambayar ta zo ne daga wani bawan Allah mai noman lambu a yankin Ojo, wanda ya ce ya haura shekara goma yana shuka latas da alayyafo da albasa mai lawashi a filin haya. Ya ce a da rijiyarsa ba ta taɓa gaza shi ba ko a tsakiyar rani, amma shekara uku ke nan da zarar Fabrairu ya kama, injin ban-ruwa sai ya yi 'yan mintuna yana zuba, sannan ya fara tari yana jan iska. An gina rukunin gidaje a gefensu, kowane gida da burtsatsensa, ga kuma wani kamfanin ruwan leda da ba ya kashe injinsa dare da rana. Abokan sana'a sun ba shi shawarar ya ƙara wa rijiyar zurfi ya kuma sayi babban inji. Yana so ya sani ko maƙwabtan nan ne suka janye masa ruwa, da kuma ko ƙara zurfin zai fisshe shi.

Malam, Allah ya sa albarka a lambun, ya kuma yaye maka wannan damuwa. Na daɗe ina aikin auna ruwan ƙarƙashin ƙasa da sa ido a kan haƙar burtsatse, a fadamun Arewa da kuma nan Legas, kuma koken da ka kawo na ji shi daga bakin manoma da dama. Roƙona gare ka na farko shi ne kada ka kashe ko kwabo a kan haƙa ko sabon inji sai ka auna rijiyarka na wasu makonni, domin kuwa alamar da ka bayyana tana iya fitowa daga cututtuka uku mabambanta, kuma kowacce da maganinta. Na biyu kuma, a wuri irin naku da ke kusa da teku da lagun, wato babban tafkin Legas da ke haɗe da teku, babban inji yana iya jawo maka abin da ya fi ƙafewar rijiya muni, wato gishiri.

Yana da kyau mu fara da yadda ruwan yake zaune a ƙasa, saboda mutane da yawa suna ɗauka cewa wani kogi ne ke gudana a can ciki, wanda mai sa'a yake faɗawa kansa. Ba haka abin yake ba a Legas. Ka tuna yadda ake tona yashin rafi da rani a Arewa, a ɗan jira, ruwa ya tsattsafo ya cika gurbin. To haka ruwan nan yake, yana maƙale ne a tsakanin ƙwayoyin yashi da tsakuwa. Ƙasar Legas hawa-hawa ce, shimfiɗar yashi, sai ta laka, sai wata ta yashi, haka har can ƙasa. Shimfiɗar sama ita ce ruwan sama yake shiga kai tsaye, kuma daga cikinta rijiyoyin lambu suke sha. Burtsatsen gidaje yawanci sukan wuce ta su kai ta biyu, na manyan masana'antu kuwa akwai masu zurfin ɗaruruwan mitoci. Ka ɗauki shimfiɗar saman nan tamkar rumbu: damina ce ke zuba masa, rani kuma ɗiba kawai ake yi. Manomi ya fi kowa sanin cewa idan hannuwan da ke shiga rumbu suka ƙaru alhali abin da ake zubawa ya ragu, za a ga gindinsa tun kafin sabon hatsi ya iso.

Legas ba ta da ƙarancin ruwan sama. A yawancin shekaru abin da ke sauka ya haura milimita 1,500, kusan ninki biyu na abin da Kano take samu. Abin da ya canza shi ne an toshe bakin rumbun. Fadamu da dausayin da ruwa ke kwanciya a cikinsu yana nutsewa a hankali an cike su da yashi an gina gidaje, tsakar gidaje an malale su da siminti, kwatoci kuma an yi su da kankare domin su kwashe ruwan da sauri su kai shi lagun. Duk ruwan da ya bi kwata ya tafi, ba ya cikin rabon rijiyarka. A ɗaya ɓangaren kuma masu ɗiba sun ƙaru, kuma ba don mugunta suke yi ba. Matatar ruwa ta Iju tun 1915 take, daga baya aka ƙara ta Adiyan da wasu ƙanana, amma ƙarfin da aka gina dukkansu a kai bai wuce kimanin galan miliyan 210 a rana ba, alhali buƙatar birnin ta haura galan miliyan 500. Giɓin nan daga ƙarƙashin ƙasa ake cike shi, kowane mai gida da nasa burtsatse da nasa injin sumo, wato famfon da ake zurawa cikin ruwa, su ma 'yan garuwa daga can suke sarowa. Saboda haka zargin da kake yi yana da tushe, sai dai tushe ba hujja ba ne, kuma zan nuna maka yadda za ka samu hujjar.

Kafin nan bari in yi maka bayanin tarin da injinka yake yi, domin akwai abin da mafi yawan manoma ba a taɓa faɗa musu ba. Injin fetur da ake ajiyewa a bakin rijiya ba ya iya tsotso ruwan da ya wuce wani zurfi, komai girmansa kuma komai sabuntarsa. Nauyin iskar da ke danne saman ruwan ne yake turo shi cikin tiyo, kuma iyakar abin da nauyin nan zai iya ɗagawa shi ne mita goma da 'yan kai. A aikace kuwa, idan aka cire asarar tiyo da mahaɗai, ba ya wuce mita bakwai zuwa takwas, wato kusan gaba huɗu. Tun kafin a kai wannan iyaka ma, abin da injin ke zubawa yana raguwa da kowane taku da ruwan ya sauka. To ka ga idan ruwan rijiyarka yana mita biyar da safe, ka tayar da inji ya ja shi ƙasa da mita biyu ko uku, dole ya fara jan iska ko da akwai sauran ruwa a ƙasa. Inji mai inci uku ba zai canza wannan ba, sai ma ya kai ka iyakar da sauri fiye da mai inci biyu. Wasu manoma sukan haƙa rami a gefen rijiya su saukar da injin domin ya kusanci ruwan, kuma dabarar tana aiki, amma ina gargaɗinka da babbar murya: kada ka taɓa saukar da injin fetur cikin rijiya ko rami mai zurfi sannan mutum ya bi shi. Hayaƙinsa yana taruwa a ƙasa, gubar da ke cikinsa ba ta da wari, kuma ta kashe mutane da yawa, har da waɗanda suka shiga domin ceto.

Awon da nake nufi ba ya buƙatar na'ura. Ka samu igiya, ka ɗaura ƙaramin ƙarfe ko kwalba a bakinta, ka yi alama guda da fenti a bakin rijiyar wadda daga nan za ka riƙa aunawa kullum. Da asuba, kafin kai ko wani ya tayar da inji, ka zura igiyar har ta taɓa ruwa, ka auna tsawonta da tef ɗin tela, ka rubuta a littafi tare da kwanan wata. Bayan ka gama ban-ruwa ka sake aunawa nan take, sannan ka duba minti nawa ko awa nawa ruwan yake ɗauka kafin ya koma inda yake. Ka yi haka aƙalla sau biyu a mako, ɗaya daga ciki ya zama ranar Lahadi.

Idan ka ga matakin asuba bai sauka sosai ba, amma ruwan yana saurin ƙarewa kuma yana jinkirin dawowa, to rijiyar ce ba ta da lafiya, ba ƙasar ba. Yashi da laka sun cika gindinta ko sun toshe kafofin da ruwa ke shigowa, kuma maganin shi ne yasa, wadda kuɗinta bai kai na haƙa ba. Ka kuma duba bawul ɗin bakin tiyon tsotso da mahaɗai, domin 'yar kafa ƙarama da iska ke shiga ta isa ta sa inji tari.

Idan kuwa ka ga ruwan yana sauka ko da ba ka tayar da injinka ba, a sa'o'in da maƙwabta ke jan nasu, sannan ya hau a ranar da kamfanin bai yi aiki ba ko wuta ta daɗe ba ta zo ba, to ka kama hujja. Duk burtsatsen da ake ja, ruwan da ke kewaye da shi yakan lotsa ya yi siffar mazurari, tsakiyarsa a bakin bututun, gefensa kuma yana faɗaɗa gwargwadon ƙarfin ja da tsawon lokacinsa. Rijiyar da gefen mazurarin ya riska sai ruwanta ya sauka, kuma mai gajeriyar rijiya shi ne farkon wanda zai ji a jikinsa. Sai dai adalci ya sa in faɗa maka cewa idan burtsatsen kamfanin yana sha ne daga shimfiɗa ta ƙasa, kuma akwai laka mai kauri a tsakaninku, tasirinsa a kanka yana iya zama kaɗan, sai fa idan ba a toshe gefen bututunsa da siminti yadda ya kamata ba, wanda hakan kan sa ruwan shimfiɗar sama ya riƙa zurarewa ƙasa ta gefen ramin. Na sha ganin an ɗora wa kamfani laifi, da aka bincika sai aka tarar wata babbar kwata ce da aka haƙa da zurfi take tatse ruwan unguwar, ko kuma masu gini ne suke zuƙe ruwa dare da rana domin su zuba harsashi. Haka kuma kada ka manta da ku kanku: idan a da masu inji biyu ne a lambun, sauran duk da garwa suke ban-ruwa, yanzu kuma kowa da injinsa, to mazurarinku ne suka haɗu.

Cuta ta uku ita ce wadda awo na makonni ba zai nuna ba, sai na shekaru. Ka riƙa rubuta matakin ruwa a ƙarshen Oktoba, lokacin da damina ta gama zubawa. Idan kowace shekara yana komawa inda yake, rumbun yana cika, matsalarka ta 'yan watannin rani ce, kuma dabara tana iya maganinta. Idan kuwa Oktoban bana ya gaza na bara, na bara ya gaza na bara waccan, to ana cin uwar kuɗi ne, kuma babu manomi guda da zai iya gyara wannan shi kaɗai. An ga irin haka a ƙasar Borno, inda burtsatsen da aka haƙa a shekarun 1960 suke feso ruwa da kansu ba tare da inji ba, aka bar da yawa daga cikinsu suna kwarara dare da rana, har ƙarfinsu ya yi ta raguwa, wasu suka daina fitowa. An kuma ga ɗaya fuskar a dausayin Haɗeja da Nguru, inda gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ya rage ambaliyar da ke shayar da ƙasa, rijiyoyin da ke dogaro da ita suka ji a jikinsu.

Yanzu sai maganar gishiri, wadda ita ce ta fi damuna game da wurinku, kuma ita ce ta bambanta Legas da fadamar Arewa. A Arewa idan ka matsa wa rijiya ta ƙafe, damina ta zo ta mayar maka. A gaɓar teku kuwa ruwan daɗi yana zaune ne a kan ruwan gishiri, domin na gishirin ya fi nauyi, kamar yadda mai yake tasowa saman ruwa. Masana sun daɗe da lissafa cewa duk mita ɗaya da ruwan daɗi ya ɗara matakin teku, akwai kimanin mita arba'in nasa a ƙasa kafin a iske na gishiri. Lissafin nan yana da daɗin ji, amma ka juya shi ka gani: idan aka saukar da matakin ruwan daɗi da mita ɗaya aka bar shi a haka, iyakar gishirin tana iya hawowa da mita arba'in. Babban inji da ke ja da ƙarfi a wuri guda yana tsotso gishirin ne daga ƙasa ya nufo bakin bututu, kuma ƙara zurfi ba tare da bincike ba tamkar miƙa masa hannu ne. Wannan ya sa a unguwanni irin su Lekki da Apapa da Victoria Island ake yawan samun burtsatse masu ruwan zartsi. Ruwan lagun ɗin Legas ma kansa gishirinsa yakan ƙaru da rani ya ragu da damina, wato lokacin da ka fi matsa wa rijiya shi ne lokacin da haɗarin ya fi kusa.

Na taɓa duba wa wani mai gona burtsatse a gefen lagun, na ba shi shawarar ƙaramin sumo da tanki, amma mai sayar da kaya ya rinjaye shi ya sa babba domin a cika tanki da wuri. Rani biyu bai cika ba ruwan ya koma zartsi, kuma hutun da aka ba burtsatsen bai dawo da shi ba, domin gishirin da ya shiga yashi yana ɗaukar shekaru kafin ya wanke. Har yau abin yana yi mini ciwo, saboda asara ce da ake iya kauce mata da kuɗin da bai kai wanda aka kashe ba.

Abin takaicin shi ne amfanin da kake shukawa yana cikin masu saurin jin gishiri. Albasa da karas da wake da latas su ne kan gaba wajen rauni, barkono da kabeji suna biye, tumatir da kokwamba kuma sun ɗan fi juriya. Harshenka ba zai gane gishirin ba sai bayan shuka ta riga ta gane shi. Alamominsa su ne farin gari kamar kanwa a gefen fangali idan ya bushe, ƙonewar bakin ganye, iri ya ƙi tsira yadda ya saba, shuka kuma ta yi yaushi alhali ƙasa da danshi. Akwai wata ƙaramar na'ura mai kama da biro wadda masu ruwan leda suke amfani da ita, ana ce mata mitar TDS, tana auna yawan gishirin da ya narke a ruwa, ba ta da tsada, kuma ƙungiyarku tana iya sayen guda ɗaya. Ma'aunin da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayar shi ne, ruwan da lambarsa a mitar ba ta kai 450 ba babu damuwa a kansa, daga 450 zuwa 2,000 sai da lura, abin da ya haura 2,000 kuwa yana da illa babba. Abin da ya fi lambar rana ɗaya muhimmanci shi ne ko tana hawa daga mako zuwa mako, ko kuma tana hawa daga farkon ban-ruwa zuwa ƙarshensa. Idan ka ga haka, ka rage ja nan take. Kada ka haɗa wannan da jan ruwa, wato ruwan da ke fitowa garau sannan ya koma ja idan ya kwana. Wannan sinadarin ƙarfe ne, ya zama ruwan dare a Legas, kuma barin ruwan ya kwanta a tanki yana rage shi.

To, me za ka yi da rani mai zuwa? Mu yi lissafin abin da lambun yake sha. Kayan ganye a lokacin zafi suna buƙatar kimanin milimita biyar a rana, wato lita biyar a kowane murabba'in mita. Fuloti mai ƙafa 60 da 120 ya kai kusan murabba'in mita 670, saboda haka buƙatarsa ba ta wuce lita 3,400 a rana ba, ko da an shuka shi baki ɗaya babu hanya a ciki. Injin inci biyu kuwa a rubuce yana iya zuba lita 500 a minti. Mu ce rabin haka yake bayarwa a zahiri, to cikin kwata na awa ya gama biyan buƙatar fulotin. Wanda ya bar shi yana aiki awa guda ya zuba ninki huɗu na abin da shuka za ta sha. Gaskiya ne a ƙasa mai yashi wani ɓangare na rarar yana komawa ƙasa, amma yana tafiya ne da takin da ka saya, ya bar ka da kuɗin fetur, wanda kowa ya san yadda ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Sannan saukar da ruwan ya yi a wannan awa ita ce take sa inji tari, ita ce kuma take kiran gishiri.

Shawarata ita ce ka juya tsarin: a maimakon ja mai ƙarfi na ɗan lokaci, ka koma ja mai sauƙi na dogon lokaci. Ƙaramin famfon da ake zurawa cikin ruwa, mai aiki da hasken rana, yana turo ruwa ne daga ƙasa, don haka iyakar mita bakwai ba ta shafe shi ba, kuma yana ɗiba ne daidai da yadda rijiya take tsattsafowa. Ya riƙa zubawa a tanki ko a kududdufin da aka shimfiɗa wa leda mai kauri, kai kuma ka shayar daga nan. Sai dai ka sa masa abin da zai kashe shi idan tanki ya cika, domin na lura cewa da zarar mutum ya daina sayen fetur sai ya daina lissafin ruwa. Idan hali bai kai ga sola ba, ka rage wutar injinka, ka raba ban-ruwan gida biyu, asuba da yamma, domin rijiyar ta samu lokacin farfaɗowa. Ka rufe fangali da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa, ka yawaita takin gargajiya da ya ruɓe sosai, domin ƙasar yashi ba ta riƙe ruwa sai da shi. Dusar katako tana samuwa a Legas, amma ka bar ta a sama kawai, kada ka cuɗa ɗanyarta da ƙasa, domin tana cinye abincin shuka kafin ta ruɓe. Ban-ruwa na ɗigo, wato siririn tiyo mai kafofi, ya fi kowane tsari tattali, ana ƙiyasta kashi 90 cikin 100 na ruwansa yana isa ga saiwa, alhali malale fangali ba ya wuce kashi 60. Amma dole sai da matata, saboda ruwa mai sinadarin ƙarfen nan yana toshe kafofinsa. A watannin Fabrairu da Maris kuma babu laifi ka rage faɗin abin da ka shuka, ka fifita abin da ya fi daraja a kasuwar Mile 12, domin rabin lambu mai ƙoshi ya fi cikakken lambu mai ƙishi kawo kuɗi.

Ban ce ƙara zurfi haramun ne ba. Idan awo ya nuna ruwan yana sauka da mita ɗaya ko biyu ne kawai da rani, mitar gishiri kuma ba ta motsi, ƙara zoben kankare biyu ko uku a gindin rijiya abu ne mai ma'ana. Abin da nake hana ka shi ne shiga tseren zurfi da masu gidaje da kamfanoni, domin aljihunsu ya fi naka, kuma duk inda ka kai za su wuce ka. Ga kuma maganar filin: na haya ne, kuma kowa ya san yadda ake tashin masu lambu a Legas idan mai fili ya samu mai saye. Tanki da tiyo da faifan sola kana iya ɗora su a mota ka tafi da su, burtsatse kuwa sai dai ka bar wa wanda ya gaje ka. Idan har ya zama dole a haƙa mai zurfi, ku haɗa kuɗi ku yi guda ɗaya, a fara da binciken ƙasa da na'urar lantarki wadda ke iya nuna inda ruwan gishiri yake, a toshe gefen bututun da siminti, mai haƙa kuma ya ba ku rubutaccen bayanin shimfiɗun da ya ratsa da sakamakon gwajin ja.

Akwai wata mafita da na san wasu suna komawa gare ta idan rijiya ta gaza, wato jan ruwan kwata ko na magudanar da ke bin bayan masana'antu. Ina roƙonka don Allah kada ka yi. Latas da kabeji da lawashi ɗanyu ake cinsu, Legas kuma ta yi fama da ɓarkewar kwalara a 2024, ban da gubar masana'antu da ke taruwa a ƙasa da ganye wadda wanki ba ya fitarwa. Rana ɗaya da za a danganta wata cuta da lambunan Hausawa ta isa ta rushe amanar da kuka yi shekaru kuna ginawa da masu saye.

Game da maƙwabta kuwa, kana da haƙƙi, kuma hanyar nemansa ita ce ƙungiya da takarda. Dokar albarkatun ruwa ta tarayya ta 1993 ta amince wa mai haƙƙin zama a fili ya ɗebi ruwan ƙarƙashinsa domin amfanin gida da dabbobi da ban-ruwan kansa, ita kuma jihar Legas tana da dokar ruwa ta 2004 da hukumar da ke ba masu haƙar burtsatse da masu ɗibar ruwa don kasuwanci lasisi. A addini ma malamai sun yi maganar harimin rijiya, wato tazarar da ba a yarda wani ya haƙa a cikinta ba idan hakan zai cutar da ruwan na farko. Amma koken baki na mutum ɗaya ba ya zuwa ko'ina. Ku samu manoma biyar ko goma kowa ya auna rijiyarsa a rana ɗaya da sa'a ɗaya, ku tara littattafan, ku bi ta hannun Sarkin Hausawan yankinku da baale, wato mai unguwar Yarbawa, ku nemi zama da masu kamfanin cikin mutunci. Abin da za ku fara nema mai sauƙi ne: a raba lokutan ja, su bar muku sa'o'in asuba, su kuma bari a duba zurfin burtsatsensu da yadda aka toshe shi. Masu gidajen ma abin ya shafe su, domin gishirin da zai shiga rijiyarka ba zai tsaya a katangarsu ba, kuma wannan ita ce maganar da ta fi saurin sa su saurara. Ku kuma kai kwafin awon ga malaman gona na hukumar bunƙasa noma ta jihar da ke Oko-Oba a Agege, domin a san da zamanku a rubuce.

A tsakaninku ma sai kun yi tsari, kada kowa ya tayar da inji a lokaci guda, kuma sabuwar rijiya kada ta matsu da tsohuwa. Idan damina ta zo, ku bar wani lungu mai kwari a lambun inda ruwa zai kwanta ya nutse a maimakon a yi masa hanya ya fita, matuƙar ba ruwan kwata ne ke shigowa ba.

Ka fara awon daga asubar gobe. Idan ka tara na mako shida, ka aiko mini da shi tare da zurfin rijiyar, da tazararta da burtsatsen kamfanin, da tazararta da ruwan lagun mafi kusa, da lambobin mitar gishiri na farkon ban-ruwa da na ƙarshensa. Da waɗannan, in Allah ya yarda, zan iya gaya maka ko yasa rijiyarka take buƙata, ko ƙarin zobe, ko kuwa zama da maƙwabta.